Ranar da Hedimasta Ya Makara

Waɗanda suke wurin a ranar, ga su. Akwai ni. Akwai mai unguwarmu, da liman, da maƙeri, da ɗana na fari. Akwai yaran hayi su goma sha ɗaya, cikinsu har da jikana da 'yar autar maƙeri. A ɗaya gaɓar rafin kuma akwai hedimasta, da ƙaramin malamin da yake koyar da 'yan aji ɗaya, da sauran 'yan makaranta da suka biyo bayansu, da wata Bafillatana mai nono da ruwa ya tsare, wadda ta sauke ƙwaryarta ta ga komai daga farko har ƙarshe. Na lissafa su ne domin daga baya labarin ya yi ta sauya kama a bakin mutane, har a kasuwar Makarfi na ji da kunnena ana cewa wai ni na tura hedimasta cikin ruwa. Ban tura shi ba. Da ƙafarsa ya shiga.

A lokacin shekara biyu ke nan ko uku da Turawa suka miƙa mulki. An gina makarantar firamare a babban ƙauye, aji biyu na jar ƙasa da rufin kwano, aka bi unguwanni ana rubuta yara. Mu unguwarmu tana hayi, rafi ne tsakaninmu da su. Ba wani babban rafi ba ne. Da rani akuya ma tana tsallake shi ba ta jiƙa ƙafa ba, da damina kuma faɗinsa a mashigi bai fi taku goma sha biyar ba. Amma kansa yana can nesa, ta wajen Gubuchi, kuma duk ruwan da aka yi a can nan yake biyowa. Sai a wayi gari rana tas a wurinmu, ƙasa a bushe, shi kuwa ya cika ya batse.

Na san halinsa domin sana'ata daddawa ce. Kalwa idan ta kwana a kan wuta aka surfa ta, sai an wanke ta da ruwa mai yawa, mai haske kuma, don haka kusan kullum da safe ina bakin mashigi da kwandona. Shekara fiye da talatin ina kallon ruwan nan. Kafin wannan ma, ina yarinya, shi ya tafi da ƙanena wanda yake bi na, yana koro awaki, rana tana tsakiyar ka, babu ko gajimare. Sai bayan kwana biyu aka same shi a cikin gamba. Ba na yawan zancen nan, amma duk unguwa an san abin da ya sa ba na dariya a bakin rafi.

Makarantar tana da wani ƙarfe da aka rataya a jikin itace, a buga shi da safe. Ana jin sa har hayinmu. Wanda ya iso bayan an daina bugawa, hedimasta yana tsaye a ƙofa da tsumagiyar tsamiya. Shi hedimastan yaro ne a wurina, bai fi ɗana ba, daga birni aka turo shi, da farar riga da gajeren wando da doguwar safa har gwiwa. Ɗakinsa yana jikin makaranta, bai taɓa ƙetarowa hayi ba ko sau ɗaya.

Ran Litinin jikana ya dawo, na ga yana zama da gefe guda, yana kuma ƙin jingina da bango. Na kira shi.

"Kai, mai gidan, zo nan. Ɗaga rigar."

"Babu komai fa, Kaka."

"Babu komai ne ya kwanta maka a baya har layi shida? Ɗaga, na ce."

Ya ɗaga. Sai ya ba ni labari. Sun je mashigi sun tarar ruwa ya yi yawa, suka zauna suka jira ya ja, suka isa a makare. Suka ce wa hedimasta ruwa ne ya tsare su. Ya fito ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce ina ruwan? Ko ɗigo ba a yi ba yau. Ya ce tsayawa suka yi wasan langa, suka haɗa masa da ƙarya. Uku na makara, uku na ƙarya.

Da ubansa ya dawo daga gona ya ga bayan, ya ce, "Inna, cire shi zan yi."

Na ce, "Ka cire shi ka kai shi ina? Sunansa yana cikin littafinsu. Kwana uku bai je ba za ka ga yaron dagaci a ƙofar gidanka, a tafi da shi, kai kuma a zaunar da kai a rana."

Ya bar maganar, domin ya san haka ne.

Ni ba na faɗa da bulala. Na yi wa nawa, kuma sun yi hankali. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yaro idan ka sa shi tsakanin abu biyu, wanda ya riga ya ɗanɗana shi yake tsoro. Tsumagiya sun san zafinta a jikinsu, ruwa kuwa ba su sani ba. Na san gobe idan suka ji ƙarfen nan, babu wanda zai sake zama ya jira. Bayan magariba na fita bayan gida na dubi gabas, na ga walƙiya tana wasa can ƙasa-ƙasa, babu ƙara saboda nisa. Na shiga na jawo doguwar gorata mai ƙugiya, wadda nake kaɗo ɗorawa da ita, na jingine ta a bakin ƙofa.

Da safe sama ta wayi gari wankakkiya. Na ɗauki kwando da gora na nufi mashigi. Tun kafin in isa na ji muryar ruwan ta canza, ta yi kauri. Da na iso na ga ya rine ya koma kamar kunun kanwa, ga kumfa, ga karan dawa na bara da busasshen kashin shanu suna wucewa. Ruwan da ya ɗauko busasshen abu, ya hau inda jiya bai kai ba ke nan, kuma yana kan hawa. Ban ko sauke kalwata a ciki ba.

Yaran sun riga ni. Manya uku har sun tuɓe, sun ɗora kayan makaranta da alluna a ka, sun kai tsakiya. Na daka musu tsawa, amma komowa ta fi ƙarasawa haɗari, sai na bar su suka fita a can. Sauran takwas suna tsaye suna dubana suna duban ruwa. Na ce kowa ya zauna. Suka fara zama.

Sai aka buga ƙarfe.

Ban ga tashinta ba. 'Yar autar maƙeri ce, ita ce ƙarama a cikinsu, haƙoranta na gaba ma ba su gama fitowa ba, jiya ita ma ta sha shida. Kafin in juyo tana cikin ruwa har ƙirji, hannu biyu a ka tana riƙe da ƙunshinta. Taku biyu ta ƙara ruwa ya ɗebe mata ƙafa.

Na san inda zai kai ta, domin can ya kai ƙanena. Ƙasa da mashigi kaɗan rafin yana lanƙwasa, ruwa ya bugi gaɓarmu. Na bi gaɓa da gudu, da tsufana, na riga ta isa. Na shiga har ƙugu, na kama saiwar gamba da hagu, na shimfiɗa gora a kan ruwa da dama. Ta zo ta bugi gorar da ƙirji. Ina ta ihu, "Saki allon! Kama gora!" Ba ta saki ba. Sai da ruwa ya fizge shi da kansa sannan hannunta ya sami gora. Na jawo ta a hankali har na damƙi damtsenta.

Na kifa ta a kan gwiwata ta amayar da ruwa. Da ta sami numfashi, abin da ta fara cewa shi ne, "Allona. Malam zai dake ni."

To, a nan ne na yanke shawara. Na goya ta da zanena na koma mashigi. Na ɗaga murya na kira manyan ukun da suke can suna sa riga.

"Ku je ku gaya wa hedimastanku, tsohuwa mai daddawa ta tsare yaransa takwas. Idan yana son su, ya zo da kansa ya ɗauka."

Jikana ya ce, "Kaka, wallahi kashe mu zai yi."

"Rufe mini baki. Ruga ka kira ubanka da mai unguwa, ka biya ta maƙera. Ka ce su zo yanzu."

Kusan tare suka iso. Namu mutanen ta baya, har da liman da ya ji hayaniya ya biyo su, hedimasta kuma ta can, tsumagiya a hannu, ƙaramin malami yana bin sa, 'yan makaranta duka sun yo ɗuu a bayansu. Maƙeri da ya ga 'yarsa a jiƙe tana rawar sanyi, idonsa ya kaɗa. Na ce masa, "Karɓe ta ka rufe ta da rigarka. Kada ka ce komai tukuna. Ni na tara mutanen nan, ni zan yi magana."

Na matsa bakin ruwa na ce, "Malam, ina kwana? An tashi lafiya? Yaya aiki? Yaya baƙunta?"

Ya amsa a gajarce, sannan ya ce, "Iya, da izinin wa kika tsare 'yan makaranta?"

Na nuna masa ruwa da gora. "Da izinin wannan."

"Wannan ɗin? Ruwan da bai wuce ƙugu ba?"

"Ƙugun wa, Malam? Naka ko nata?"

Ya ce uku sun ƙetare lafiya, sauran ma da sun so da sun ƙetare. Ya ce tun da ya zo garin nan mutanen hayi suke neman dalilin hana yaransu karatu, jiya ruwa, yau ruwa, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Ya ce zai zo ya ƙetarar da su da kansa mu gani. Ya sunkuya ya cire takalma da safa ya miƙa wa ƙaramin malami.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ka yi wa Allah kada ka shiga."

Liman ya ce, "Ka dakata kaɗan, ɗana, ba a gaggawa da ruwa."

Ni ma na ce, "Malam, ka ji maganar manya." Allah ne shaidata na faɗa, kuma Bafillatana ta ji.

Ya shiga. Gefensu ba shi da zurfi, ya yi taku biyar yana murmushi, yana dogara tsumagiya kamar sanda. Amma ruwan ya ƙaru tun bayan wucewar yaran nan uku, kuma zurfin yana gefenmu. Da ya wuce tsakiya sai na ga murmushin ya tafi. Ya tsaya yana laluben ƙasa da ƙafa, yashi yana zarewa a ƙarƙashinsa. Ya sa tsumagiya zai auna gabansa, ruwa ya karɓe ta. Ya miƙa hannu zai kamo ta, shi ke nan ya kife.

Wannan karon ba ni kaɗai ba ce. Na miƙa gora, ɗana ya riƙe ta tare da ni, maƙeri ya ajiye 'yarsa ya shiga ya cafko wuyan rigar. Maƙerin da ɗazu yake neman cin naman mutumin nan, shi ya fito da shi kamar buhu. Hedimasta ya durƙusa a gaɓarmu yana tari, farar riga ta koma ja.

Wani yaro a can ya fara ƙyalƙyala. Na ɗago na dube shi, na bi sauran da ido ɗaya bayan ɗaya, na nan da na can. Dariyar ta mutu. Ba don a wulaƙanta malaminsu na tara su ba. Idan suka raina shi yau, gobe babu mai jin maganarsa, ni kuwa maganarsa nake bukata.

Liman ya cire babbar rigarsa ya yafa masa, muka zaunar da shi a gindin tsamiyar da take bakin mashigi. Ya daɗe yana matse ruwan jiƙaƙƙiyar rigarsa. Can ya dubi makaranta a ƙetare, ya dubi agogonsa da ruwa ya shiga, ya yunƙura kamar zai tashi.

Na ce, "Ina zuwa, Malam? Ai sai ya ja. Yau kai ma ka makara."

Bafillatana ta ɗago murya daga can ta ce, "To wa zai dake shi?" Mai unguwa ya yi kamar tari ne ya kama shi.

Hedimasta bai yi fushi ba, wannan na ba shi. Ya ce, a hankali, "Iya, daga ina ruwan nan yake? Sama ga ta tas."

Na ce, "Jiya bayan magariba ka dubi gabas?"

"A'a."

"Da ka duba da ka ga ana yin sa a wajen Gubuchi. Can ake yi, nan ake sha. Kwana yake yi a hanya."

Ya ce akwai wannan a littafi, sun karanta a makarantar horon malamai, har da zanen kogi da rassansa. Na ce to madalla, da can ya karanta, yau kuma ya ɗanɗana. Na ce, "Ni ban taɓa shiga aji ba, ban san baƙi ko ɗaya na boko ba. Amma tun da Allah ya zaunar da mu a nan, ka ba ni aron yaranka. Yau ni zan yi ajin." Ya ɗaga hannu ya yi wa ƙaramin malami alama, aka zaunar da na can a kan gaɓa, na nan kuma a gabana.

Na tsaya inda duka za su ji. Na ce su dubi launin ruwan su faɗa mini da me ya yi kama. Suka ce kunu. Na ce duk ranar da suka ga haka, ko rana tana ƙona ƙeya, ba a shiga. Na nuna musu kumfa da busasshen kara, na gaya musu abin da suke nufi. Na ce su rufe ido su saurara, su riƙe wannan muryar a kunnensu, domin wata rana za su ji ta kafin su ga ruwan. Sannan na karya kara na jefa, na ce wa jikana ya bi shi ta gaɓa da tafiya, ban da gudu. Karan ya bar shi nan take.

"Kun gani? Idan kara ya riga ka, ruwan ya fi ƙarfinka. Ko a idon sawu yake."

Wani babba daga can ya ce, "Iya, ai mu mun iya iyo."

"Kai ɗan wa ye? To, kakanka ya fi ka iyo, je ka tambayi ubanka inda jakinsu ya tafi da kayan rake a kansa. Zauna."

Na ce ranar da ruwa ya yi daidai a shiga, ba a shiga ɗaya-ɗaya. A jeru, manya ta sama inda ruwa yake bugowa, ƙanana ta ƙasa, kowa ya riƙe na kusa da shi, fuska tana duban inda ruwan yake fitowa. Hannu ɗaya ne na kaya. Idan ƙafa ta tafi, a saki kayan, ko mene ne. Na juya na ce, "Malam, allo ko yarinya?"

Ya ce, "Yarinya."

"Ɗaga murya, na can ba su ji ba."

Ya miƙe tsaye cikin rigar liman ya ce, "Duk wanda ruwa ya kama ya saki allo. Ba zan daki kowa a kan allo ba." 'Yar maƙeri ta leƙo daga cikin rigar ubanta ta dube shi.

Na kai su lanƙwasa na nuna musu inda ruwa yake kai abin da ya ɗauka. Na ce idan ya tafi da wani, kada wanda ya faɗa bayansa, sai a yi asarar biyu. A ruga nan da gora, sauran su yi ta ihu. Gorar kuma na bar ta a jikin tsamiya daga yau, wanda ya ɗauke ta ya je kaɗo mangwaro zai gamu da ni.

Wajen hantsi ruwa ya fara ja. Na aiki maƙeri ya kawo turken ƙirya, irin wanda ruwa ba ya cin sa, da guduma. Da ƙasa ta fara nunawa aka kafa shi a mashigi, a gefenmu mai zurfi. Hedimasta ya ce a bari a ɗauko abin awo daga makaranta a auna ƙafa biyu a yi alama. Na ce ban san ƙafar da yake nufi ba, ni ga ƙafar da zan auna. Na kamo 'yar maƙeri na tsayar da ita jikin turken, ubanta ya sara alama daidai gwiwarta.

Manyan yara suka yi gunaguni, wai wannan ai ko wando ba zai jiƙa ba. Na ce ba don su aka yi ba. Idan ruwa ya rufe saran nan, babu mai ƙetarewa, babba ko ƙarami, domin babba idan ya shiga ƙarami zai bi shi, yau mun gani.

Saura magana ɗaya, ita ce kuma babba. Na ce, "Malam, duk abin da na faɗa banza ne idan tsumagiya tana jiran su a ƙofa. Za su ji ƙarfe su manta da ni."

Ya ce, "Iya, idan na ɗage, gobe duk wanda ya yi barci zai ce turke ya nutse. Ni ba na ganin turke daga makaranta. Kuma na can gari za su ce ina bambanci."

Maganarsa tana kan hanya, ban musa ba. Na ce, "To ni zan kawo su. Ranar da ka gan ni a gabansu, ruwa ne. Ranar da suka zo a makare babu ni, ka yi musu abin da ka saba, su dawo gida in ƙara musu."

Yara suka ce, "Kai, Iya!"

Ɗana ya ce, "Inna, kullum? Da ƙafar nan taki?"

"Da taka zan je?"

Hedimasta ya tsaya yana murza safar da ƙaramin malami ya jefo masa daga can tare da takalmansa. Bai ce e ba. Cewa ya yi zai duba. Na so in matsa, liman ya yi mini ido, na bari. Mutumin da ya sha ruwa a gaban ɗalibansa ba a tilasta masa ya sha wani a rana ɗaya. Da za a watse liman ya ce, tun da an fara, ya kamata a yi musu maganar wuta ma, domin bara da kaka gobarar daji ta cinye dammunan dawa na gona biyu, har yau ba a san wanda ya sa ta ba. Na ce ni na sani, amma ba yau ba. Na ga kawuna uku sun sunkuya, ɗaya na gidanmu ne.

Yaran suka ƙetare a jere yadda na koya musu, hedimasta a sama, takalma a hannu. Da la'asar jikana ya gaya mini ba a daki kowa ba, amma ya ga hedimasta ya aiki wani ya yanko sabuwar tsumagiya. Bayan magariba na dubi gabas. Walƙiya tana nan.

Washegari ina idar da asuba na fita, ban ɗauki kalwa ba. Na tarar ruwa ya rufe sara, kan turken kaɗai ake gani. Na zauna a gindin tsamiya na miƙe ƙafa. Suka zo su goma sha ɗaya, suka dubi turke, suka dube ni, suka zauna ba tare da na ce komai ba. Da aka buga ƙarfe biyu daga cikin manyan suka miƙe tsaye, jikinsu ne ya tashe su. Na ce, "Zauna." Suka zauna. 'Yar maƙeri ta matso ta riƙe bakin zanena har aka daina bugawa.

Na ce, "To, tun da muna da lokaci. Wa ya cusa wuta a ramin gafiya bara, a bayan gonar liman?"

Suka dubi juna. Na ce ba sai sun faɗa ba, ina kan hanyar dawowa daga itace na gan su su uku, na ga kuma inda suka gudu suka ɓuya. Na ce sa wutar kuskure ne, gudun shi ne laifi, domin lokacin da suka gudu faɗinta bai fi tabarma ba, da ganye ɗanye za a kashe ta. Na nuna musu yadda ake sakin ciyawa a ga inda iska ta nufa, da yadda ake share kewaye har ƙasa ta fito kafin a ƙyasta ashana. Na ce idan ta ƙwace, ba a gudu a gabanta, a ratsa gefe a koma inda ta riga ta cinye, ko a faɗo cikin rafin nan, da rani yashi ne. Sannan na faɗi abin da ya fi mini wuya. Na ce duk wanda wuta ta ƙwace masa ya rugo ya faɗa da wuri, ni ba zan dake shi ba, kuma zan tsaya tsakaninsa da ubansa.

Jikana ya ce, "Ke, Kaka? Ba za ki daka ba?"

"Na faɗa sau ɗaya. Kada ka sa in sake tunani."

Rana ta ɗaga sosai kafin sara ya fito. Na sa 'yar maƙeri ta jefa kara, ta bi shi da tafiya, ta riga shi. Na ɗaure zane, na jera su, na shiga ta sama, muka ƙetare. Na wuce gaba suna bi na har ƙofar makaranta, inda ban taɓa takawa ba. Hedimasta yana tsaye, sabuwar tsumagiya a hammata. Na gaishe shi, ya amsa, wannan karon har ya tambayi gida da gajiyar jiya. Ya dubi zanena da yake ɗiga, ya dubi yaran. Sai ya matsa gefe.

Ban tafi ba. Na tsaya a wurin ina ƙirga su suna shiga, har ta goma sha ɗaya ta wuce ta gabansa ba allo a hannunta, ya bar ta ta shige. Na ƙara tsayawa kaɗan a jikin taga ina saurare. Da na ji sun fara karatu babu kukan kowa, na juya na koma in wanke kalwata, domin ruwan ya fara haske.